Malam Aminu Kano (1920–1983): Malamin Makaranta Kuma Jagoran Talakawa

1.0 Gabatarwa

A tarihin al'ummomin duniya, da wuya a sami mulkin danniya da ya daɗe ba tare da talakawa sun yunƙura neman sauƙi ba. Wani lokaci yunƙurin yakan zo kamar ambaliya, ya kwashe mai mulki cikin 'yan makonni, kamar yadda aka gani a wasu ƙasashen Larabawa a shekarar 2011. Wani lokaci kuma yakan zo sannu a hankali, ya ɗauki shekaru yana cin tushen zalunci har ya raunana shi. A ƙasar Hausa, wanda ya fi shahara da jagorancin irin wannan yunƙuri na biyu shi ne Malam Aminu Kano, mutumin da babban asibitin koyarwa na Gyadi-Gyadi, a Ƙaramar Hukumar Tarauni, yake ɗauke da sunansa.

Wannan babi zai kawo tarihin rayuwarsa, da irin mulkin da ya tarar, da hanyar da ya bi wajen yaƙar sa, sannan ya kwatanta gwagwarmayarsa da boren da aka yi a ƙasashen Larabawa. Tarihin yana da muhimmanci ga ɗalibi mai koyon aikin malanta, domin kuwa Malam Aminu malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa, kuma da dabarun koyarwa ya gudanar da siyasarsa har ƙarshen rayuwarsa.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, ranar 9 ga watan Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, ya fito daga zuriyar Fulanin Gyanawa, waɗanda aka sani da ilimin shari'a da alƙalanci, kuma shi kansa ya yi aikin muhuti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa, Rakiya, ita ma 'yar gidan malamai ce, kuma a wurinta ya fara karatun Alƙur'ani, kafin Allah ya yi mata rasuwa tun yana ƙarami. Saboda haka ya tashi a gidan da ake karanta littattafan fiƙihu, ana kuma jin labarin abin da ke gudana a zauren shari'a. Wannan ya ba shi damar gane tazarar da ke tsakanin abin da littafi ya faɗa da abin da ake aikatawa.

Ya yi karatun elementare a makarantar Shahuci, sannan ya shiga Midil ta Kano. An ruwaito cewa tun a nan ya taɓa jagorantar ɗalibai suka nuna rashin amincewa da ƙarancin abinci da kayan buƙata. Daga Midil ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda asalinta ita ce Kwalejin Katsina, kuma ita ce daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Ya kammala a 1942 da shaidar malanta. Tun yana kwaleji ya nuna sha'awar wasan kwaikwayo, inda ya riƙa tsara wasanni cikin Hausa masu zambo ga almubazzaranci da cin zalin masu riƙe da sarauta.

3.0 Mulkin da Ya Tarar

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, ba su rushe sarauta ba. Sun bar sarakuna a kan gadonsu, suka riƙa mulki ta hannunsu a ƙarƙashin tsarin da aka sani da En'e. Sarki yana ƙarƙashin Razdan, amma a idon talaka shi ne wuƙa, shi ne nama. Baitulmali da 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai duk suna hannun En'e. Daga sarki umarni yakan sauko wa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa.

Nauyin wannan tsari a kan talaka yake sauka. Shi ke biyan haraji, makiyayi kuma ya biya jangali. Ban da waɗannan, akwai aikin tilas, da noman gandun masu sarauta, da gaisuwar da ake kai wa manya kafin a sami biyan buƙata. Wanda aka zalunta ba shi da inda zai kai kuka sai wurin waɗanda suke da alaƙa da wanda ya zalunce shi, kuma ba a yarda lauya ya tsaya wa kowa a kotun alƙali ba. Abin da ya fi wannan duka tsanani shi ne tsoron da ya zauna a zuciyar talaka, har ya ɗauka cewa haka Allah ya tsara, kuma yin tambaya rashin ladabi ne. Wannan tsoro shi ne babban abin da Malam Aminu ya sa wa ƙahon zuƙa.

4.0 Shekarun Koyarwa: Bauchi, Landan da Maru

A 1942 aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi. A can ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Minista, da kuma Malam Sa'adu Zungur, masani kuma mawaƙi, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa. Tare da wasu 'yan boko suka riƙa gudanar da zauren tattaunawa, inda ake muhawara a kan al'amuran jama'a. Da tambayoyi suka kai ga tsarin mulkin En'e da albashin sarakuna, sai hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, aka rufe zauren.

A 1946 ya sami tallafin ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Zamansa a Ingila ya zo daidai da lokacin da jam'iyyar Leba take mulki, Indiya kuma tana dab da samun 'yanci. Ya yi cuɗanya da masu ra'ayin gurguzu da ɗaliban ƙasashen da ake yi wa mulkin mallaka, ya kuma nazarci salon Mahatma Gandi na bijire wa zalunci ba tare da ɗaukar makami ba. Bayan dawowarsa ya taka muhimmiyar rawa wajen kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a 1948, wadda take cikin ƙungiyoyin ma'aikata na farko a yankin.

Daga nan aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato na lokacin, wato Jihar Zamfara ta yau, inda ya yi zamani da Malam Abubakar Mahmud Gumi. A nan ma bai daina saɓani da hukuma ba. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya bar albashi da tabbacin girma a ofis, ya koma Kano ya rungumi siyasa.

5.0 NEPU da Neman Sawaba

Ranar 8 ga watan Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Daga cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta da Maitama Sule. Malam Aminu yana Maru a lokacin, amma yana tare da su a ra'ayi, kuma a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. Da Hausa ana kiran ta Jam'iyyar Neman Sawaba, alamarta kuma tauraro. Sanarwar manufofinta ta bayyana cewa al'ummar Arewa ta kasu gida biyu, masu riƙe da En'e da kuma talakawa, kuma 'yantar da talaka aiki ne da talaka zai yi da kansa, ta hanyar ƙuri'a. Mafi yawan magoya bayanta ƙananan 'yan kasuwa ne da teloli da mahauta da maƙera da malaman zaure da manoma.

Hanyar da Malam ya bi tana da ginshiƙai da ya kamata a lura da su. Na farko, ya kafa hujjarsa a kan addini da tarihin ƙasar. Masu adawa da shi suna cewa yana son rushe gadon Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi kuwa sai ya riƙa komawa ga littattafan masu jihadi, irin su *Kitabul Farƙ* na Shehu, wanda ya soki haraji na zalunci da karɓar gaisuwa, da *Liya'ul Hukkam* na Abdullahi Ɗanfodiyo, wanda aka rubuta a Kano domin shiryar da masu mulki. Da wannan ya nuna wa jama'a cewa neman adalci yana da asali a cikin abin da suka gada.

Na biyu, ya yi amfani da harshen da talaka yake ji. Laccar NEPU takan kasance kamar aji: a ɗauki mas'ala guda, a warware ta da misali da karin magana da barkwanci, har mai sauraro ya koma gida yana iya maimaita ta. Waƙa ma ta yi aiki sosai, domin mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun isar da saƙon jam'iyyar inda jarida ba ta kaiwa. Shi kansa Malam ya yi rubutu da Hausa, kamar littafinsa *Motsi Ya Fi Zama*, da tarihin Sa'adu Zungur da ya rubuta bayan rasuwar abokin nasa.

Na uku, ya haɗa siyasa da ilimi. Yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantar Islamiyya ta zamani a Kano, inda ake karantar da yara maza da mata a aji bisa tsari. Ya kuma dage a kan ilimin mata da ba su damar jefa ƙuri'a, a lokacin da faɗin haka yake jawo zagi. Reshen mata na NEPU ya fito da jarumai irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka ɗaure sau da dama saboda siyasa.

6.0 Tsangwama da Zaɓuɓɓuka

Masu mulki ba su zuba ido ba. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, kuma sau da yawa akan hana. An kama 'yan NEPU da dama bisa tuhumar zagin sarki ko taro ba izini, aka yi wa wasu bulala, aka ɗaure wasu, wasu kuma aka ƙara musu haraji ko aka kore su daga garuruwansu. A 1953 wata ƙungiyar 'yan banga da aka sani da 'Yan Mahaukata ta ɓulla a Kano tana far wa 'yan sawaba. Su ma matasan NEPU wani lokaci sukan rama, duk da cewa koyarwar shugabansu ita ce a guji zubar da jini.

Tsarin zaɓe ma bai ba su sauƙi ba. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano. Amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, don haka jam'iyyar ta tashi ba ta da kujera ko ɗaya daga Kano. Malam Aminu ya faɗi zaɓen tarayya na 1954 a hannun Maitama Sule, wanda a lokacin ya koma NPC, ya kuma faɗi na majalisar Jihar Arewa a 1956. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai, lokacin da NEPU take ƙawance da NCNC. Ya rasa kujerar a 1964. Duk da haka, ya wakilci jam'iyyarsa a tarurrukan tsarin mulki da aka yi a Landan kafin samun 'yancin kai, inda ya nemi a yi zaɓe kai tsaye, a kuma raba shari'a da ikon sarakuna.

7.0 Zamanin Soja, PRP da Rasuwarsa

Juyin mulkin 1966 ya kawo ƙarshen jam'iyyun Jamhuriya ta Farko. A gwamnatin Janar Yakubu Gowon, Malam Aminu ya riƙe muƙamin Kwamishinan Sadarwa na Tarayya daga 1967, sannan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. Wasu sun soki shigarsa gwamnatin soja. Magoya bayansa kuwa suna nuni da cewa a wannan zamani ne aka ƙirƙiro jihohi, ciki har da Jihar Kano a 1967, aka kuma karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya zo na huɗu da ƙuri'a kimanin miliyan 1.7, amma jam'iyyarsa ta ci gwamna a jihohi biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Gwamnatocin biyu sun soke haraji da jangali, abin da 'yan sawaba suka yi kusan shekara 30 suna nema. A Kano an kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980.

Sai dai nasarar ta zo da nata ciwon. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam, da 'yan Santsi da suka bi gwamnonin. A Yunin 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa, sannan ranar 10 ga Yuli na shekarar aka yi tarzoma a Kano, wadda a cikinta aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Wannan ya nuna cewa haɗa kan jama'a domin adawa ya fi sauƙi a kan riƙe su bayan an sami mulki.

Malam yana shirin sake tsayawa takara, har ya zaɓi mace, Misis Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa, sai Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda aka sani da Gidan Mambayya, kuma a yau cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Masoya da 'yan adawa sun yi ittifaƙi a kan cewa bai tara dukiya ba.

8.0 Abin da Gwagwarmayar Ta Haifar

Malam Aminu bai taɓa zama Firimiya ko gwamna ko shugaban ƙasa ba, amma yawancin abubuwan da ya nema sun tabbata. Ɗalibin da ya zaga Gyadi-Gyadi da Tarauni zai iya ganin haka da idonsa. A kotunan da ke Titin Kotu lauya yana tsayawa, kuma wanda bai gamsu ba yana ɗaukaka ƙara. Ƙaramar Hukumar Tarauni ɗiya ce ga gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya maye gurbin En'e. Matan da ke bin layin zaɓe a Hausawa da Unguwa Uku da Darmanawa suna cin moriyar 'yancin da matan Arewa ba su samu ba sai a 1976. Makarantun Islamiyya kuwa sun zama ruwan dare a kowane lungu. Asibitin koyarwa da aka kafa a 1988, da filin jirgin saman Kano, da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci, duk suna ɗauke da sunansa.

Ba shi kaɗai ya kawo waɗannan sauye-sauye ba, domin gwamnatocin soja da sauyin zamani sun taka tasu rawa. Amma NEPU ce ta fara ɗora su a bakin talaka, ta kuma biya farashinsu da ɗauri da duka. Haka nan akwai abin da bai samu ba: talauci da barace-baracen yara da bangar siyasa suna nan, kuma sayen ƙuri'a ya zama sabuwar hanyar danne talakan da aka sha wuya kafin a sama masa ƙuri'ar.

9.0 Kwatanci da Boren Ƙasashen Larabawa

Ranar 17 ga Disamba, 2010, wani matashi mai tallar kayan marmari, Muhammad Bu'azizi, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Buzid na Tunisiya, bayan ma'aikatan hukuma sun ƙwace masa kaya sun wulaƙanta shi. Zanga-zangar da ta biyo baya ta kori Shugaba Zainul Abidina Bin Ali ranar 14 ga Janairu, 2011, bayan shekara 23 yana mulki. A Masar, taron Dandalin Tahrir ya tilasta wa Husni Mubarak sauka ranar 11 ga Fabrairu, cikin kwana 18 kacal. Guguwar ta kai Libiya da Yaman da Siriya da Bahrain. Kano ma ta ji iskarta, domin a zanga-zangar janye tallafin man fetur ta Janairun 2012 matasa sun mamaye shataletalen Silver Jubilee suna koyi da Tahrir.

Akwai kamanni tsakanin wannan bore da gwagwarmayar NEPU. A duka biyun, talaka ya haɗu da zalunci ne ta hannun ƙaramin ma'aikaci, ɗan doka ko mai karɓar haraji, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne wulaƙanci. A duka biyun, al'amari ya sauya ne ranar da tsoro ya fita daga zukata.

Bambancin yana ga hanya da sakamako. Boren Larabawa ya kawar da shugabanni cikin hanzari, amma a wurare da yawa bai tarar da ƙungiya mai tsari da za ta riƙe abin da aka samu ba. A Masar soja sun hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba Muhammad Mursi a 2013. Libiya da Yaman da Siriya sun faɗa yaƙin basasa, kuma gwamnatin Bashar Asad ba ta faɗi ba sai a Disamban 2024, bayan hasarar rayuka masu ɗimbin yawa. A Tunisiya ma Shugaba Ƙais Sa'id ya dakatar da majalisa a 2021. Malam Aminu kuwa ya fi damuwa da sauya tsarin da sarki yake mulki da shi a kan sauya sarkin. Shi ya sa murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya a 1963 bai kawo ƙarshen gwagwarmayar NEPU ba. Adalci ne kuma a tuna cewa yanayin ya bambanta: NEPU ta sami ƙofar zaɓe da jarida a buɗe, ko da ƙanƙanuwa ce, alhali gwamnatocin Larabawa da dama sun toshe wannan ƙofa gaba ɗaya.

10.0 Kammalawa

Rayuwar Malam Aminu Kano ta nuna cewa ana iya kayar da azzalumi cikin mako biyu ko uku, amma tarbiyyar mutanen da ba za su sake yarda a zalunce su ba aiki ne na shekaru, kuma aikin malami ne. Malamin da zai shiga aji gobe yana da zaɓi: ko ya yi mulkin ajinsa da bulala da tsawa, ya yaye yara masu tsoron tambaya, ko ya saba musu da neman hujja cikin ladabi da sauraron wanda suka saɓa da shi. Irin ɗaliban da ya yaye su ne irin talakawan da ƙasa za ta samu. Allah ya jiƙan Malam, ya gafarta masa.

Tambayoyi

1. Bayyana tsarin mulkin En'e, ka kawo hanyoyi huɗu da ya takura wa talaka.
2. Wace rawa harshen Hausa da adabinsa suka taka a gwagwarmayar NEPU?
3. Kawo kamanni biyu da bambanci biyu tsakanin gwagwarmayar NEPU da boren ƙasashen Larabawa na 2011.
4. Tattauna yadda malamin firamare zai koya wa ɗalibansa sanin haƙƙinsu ba tare da ya zubar da ladabi a aji ba.